Kukan Tayar Gaba

Duk wanda ya saba zama gaban a-kori-kura a hanyar Kano zuwa Katsina ya san wannan ƙugi. Mota ta bar Tsanyawa, ta ɗauki wuta, sai wani gurnani ya taso daga wajen ƙafar direba, yana ƙaruwa da gudu, kafin a kai Yashe ya cika kunne. Direba ya ce boris ne, yaron mota ma ya ce boris ne. A tsaya gareji a sa sabo, bai rufa wata ba kuka ya dawo. A sake saye. Haka kuɗin lodin gero da wake ke ƙarewa a kan taya ɗaya, ana ta zagin masu sayar da jabun kaya a Ƙofar Ruwa.

Jabu akwai shi, babu musu. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Makaniken da ya san aikinsa ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake farawa da ita: "Direba, yaushe take yi maka? Da kaya ko ba kaya? In ka taka birki tana yin shiru?" Daga nan ya shiga gaba, a hau kwalta. In mota ta yi gudu sai ya sa a jefa ta firi. Kukan da ya ragu da saukar inji, ba na taya ba ne. Wanda ya ci gaba yana bin gudun mota, yana cikin abin da ke juyawa da ƙafa. Sai kuma ya sa a ɗan karkata sitiyari hagu da dama inda hanya ba kowa. In an karkata hagu nauyi yana komawa kan tayar dama, saboda haka ƙugin da ya ƙaru a lokacin yana nuna boris na dama ne, ko da direba ya rantse a hagunsa yake ji. Ƙarfe yana kai sauti inda ba can ya taso ba, shi ya sa ake cire lafiyayyen boris a jefar, a bar mai ciwon yana ci.

Taya ma tana irin wannan kuka idan ta cinye gefe ɗaya ko ta yi tudu da kwari, sai dai nata yana canza murya in an sauka daga kwalta zuwa burji. A mayar da tayoyin gaba baya, in kukan ya bi su, magana ta ƙare ba a sayi komai ba. Ƙara mai tsini da ke canzawa in an taka birki, ta birki ce. Ƙwas-ƙwas a kan rami kuwa, a duba shakazoba da haɗe-haɗen ƙafa.

To in ma boris ɗin ne, me ya kashe shi? Wannan tambaya ita ake tsallakewa, kuma ita ce gaba ɗayan aikin. Tsoffin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da Hilux na da, boris ɗinsu na gaba da noti ake daidaita shi. A ɗaure da yawa ya yi zafi ya ƙone giris, a bar shi sako-sako ya riƙa girgiza. Yaro ya ajiye sabon boris a ƙasa, iska ta watsa masa yashi, ya cusa giris a kai, ya buga shi da guduma. Robar da ke hana ruwa shiga ta tsage tun bara, ba wanda ya canza ta, ga damina motar tana ratsa kwazazzabai zuwa ƙauyukan Kusada. Wani lokacin mazaunin boris ɗin ne ya cinye, ko na kamfani aka sa ba zai zauna daidai ba. Sannan ga lodi: motar da aka yi don kamar tan ɗaya, a ɗora mata buhu ashirin, mutane su hau bisa.

Abin da ke damuna shi ne wannan hali bai tsaya a gareji ba. Zazzaɓi ya kama yaro, a ruga kemis a ce a ba da na maleriya da taifot, ba gwaji. Ya dawo, a sake saye, a ce maganin ne ba ƙarfi. Mun fi yarda mu biya kuɗin kaya sau uku da mu biya ladan wanda zai zauna ya gano dalili sau ɗaya. Makaniken da ya ɗauki awa yana saurare, a ce ba shi da sauri. Wanda ya kwance taya nan take, shi ne gwani.

Kuma boris ba ya kuka har abada. In ya gaji yana iya kamewa, ko taya ta fice daga mota tana cikin gudu, da mutane a bisa buhuna.

Direbobinmu na Yashe da Kankiya da Charanci, in kun tsaya bayan doguwar tafiya, ku kai hannu kusa da tsakiyar kowace tayar gaba. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi, a ɗaga ta da jak, a kama sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, don Allah kada a yi lodi sai an duba ta.