Takalma a Gindin Matakala

Ya kai mai karatu, a birnin Landan akwai wani zane da Antonello, mutumin Italiya, ya yi wajen 1475. Ga Jerom zaune shi kaɗai a ɗakin littattafai, ya tuɓe takalmansa a gindin matakala, littafi buɗe a gabansa.

Watakila ka ce, "Ashe, wannan ba gudun 'yan'uwa ba ne?" A'a. Gama Jerom ɗin nan ne ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin. Ya mutu a 420, amma mutane suka yi ta shan rijiyarsa fiye da shekara 1,000.

Kai ma in ka keɓe da littafi, ka bar surutun kasuwa a bakin ƙofa kamar takalman nan. Sa'ad da ka fito kuwa, ka tambayi zuciyarka: me na ɗebo wa maƙwabcina?