Ƙaunar da Ke Miƙa Makulli

Shekarun baya na halarci zaɓen dattawa a wata ikilisiyarmu ta birni. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka raba takardu. Da aka ƙidaya, sai ga shi kusan kowa ɗan kabilarsa ya zaɓa. Ba wanda ya ce uffan. Aka sa albarka, muka watse.

Ba zan ce mutanen nan ba su da ƙauna ba. Suna ziyarar marasa lafiyarsu, suna biya wa marayunsu kuɗin makaranta. Amma wace irin ƙauna ce wannan? Bahaushe ya ce naka sai naka, kuma da gaskiyarsa. Sai dai wannan ƙauna ta jini ce, wanda bai taɓa jin Bishara ba ma yana da ita. Ta Allah dabam take. Manzo Bulus ya nuna a Romawa sura 5 cewa Almasihu bai jira mun zama nasa ba kafin ya ba da ransa. Muna gāba da Allah aka sulhunta mu. A daren da aka bashe shi kuwa, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, Yahuza yana cikinsu.

Mu dubi ikilisiyar Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata musu don sun yi ƙorafi ba, ba su kuma rufe maganar da wa'azin haƙuri ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum 7 su riƙe aikin. Abin lura shi ne, dukansu sunayen Helenawa gare su, irin su Istifanas da Filibus, har da Nikolas mutumin Antakiya, wanda ba a haife shi Bayahude ba. Masana da yawa na ganin cewa daga ɓangaren da aka ƙwara aka ɗauko su. Wato jama'a ta ɗauki makullin rumbu ta miƙa wa masu kuka.

A nan ne abin ke da wuya, 'yan'uwa. Ba da kwanon masara ga gwauruwar wata kabila ba ya gagarar kowa. Amma yarda ɗan kabilarta ya zama ma'aji, ya riƙe baikon da kai ka fi zubawa, wannan yana taɓa zuciya. Ni kaina na sha jin nauyinsa.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Birom da Angas, Tangale da Bajju, Bura da Margi, duk a benci ɗaya muke karanta shi, mu ci Jibin Ubangiji tare. 'Ya'yanmu kuwa suna zaune a cikin mota sa'ad da muke komawa gida bayan sujada, suna jin yadda muke kiran waɗancan mutanen da muka gama shan hannu da su.