Lai'atu, Matar da Ubangiji Ya Gani

Abin karantawa: Farawa 29:16-35, 30:19-20, 49:29-31.

Cikin kowace ikilisiya akwai mata waɗanda sukan zo sujada da fara'a, amma zukatansu cike suke da kaɗaici. Waɗansu shekaru sun shuɗe ba su yi aure ba, dangi kuwa ba su bar tambaya ba. Waɗansu suna ɗakin miji, suna tuƙa masa tuwo, suna haifa masa 'ya'ya, amma ba ya zama ya yi taɗi da su. Darasin yau domin waɗannan ne, domin mu ne kuma da muke zaune tare da su.

1. Bora a gidan Yakubu

Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara 7 domin Rahila. Amma a daren biki Laban ya kai masa Lai'atu, yayar Rahila. Bayan mako guda aka ba shi Rahila kuma, ya ƙara yin aikin shekara 7. Tun daga ran nan Rahila ce mowa, Lai'atu kuwa bora. Mu lura, ba laifinta ne ya jawo wannan ba. Makircin ubanta ne da son zuciyar mijinta. Mace wadda ba a ƙaunarta takan yi tsammani wani aibu ne gare ta, amma Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa Lai'atu laifin rashin ƙaunar nan ba. Aya ta 31 ta shaida mana Ubangiji da kansa ya lura da halin da take ciki.

2. Sunaye huɗu

Idan muka duba sunayen 'ya'yanta cikin harshen Ibraniyanci, za mu ga tafiyar zuciyarta. Sunan Ra'ubainu yana da dangantaka da gani, na Saminu da ji, na Lawi da haɗuwa. Sa'ad da ta haifi ukun nan, hankalinta yana kan Yakubu, tana sa zuciya haihuwa za ta saya mata ƙaunarsa. Ba ta saya ba. Amma da ta haifi na huɗu, ba ta ambaci mijinta ba ko kaɗan; ta raɗa masa suna Yahuza, wato yabo, gama ta mai da idonta ga Ubangiji. Yakubu bai sāke ba, kishiyarta tana nan, duk da haka ta sami abin yabo.

Kada mu ce ciwon ya warke a rana ɗaya. Cikin sura 30, da ta haifi Zabaluna, ɗanta na shida, marmarin nan na dā ya komo mata. Haka bangaskiya take: yau yabo, gobe hawaye. 'Yar'uwa, idan kukanki ya komo bayan addu'a, ba alama ce ta cewa Allah ya yashe ki ba.

3. Abin da Lai'atu ba ta gani ba

Daga Lawi aka sami Musa da Haruna da firistoci. Daga Yahuza aka sami Dawuda sarki, da Ubangijinmu Yesu Almasihu bisa ga jiki (Ibraniyawa 7:14). A kogon Makfela kuma aka binne ta, inda Ibrahim da Saratu suke, a nan ne Yakubu ya roƙa a binne shi. Ba ta san wannan duka ba sa'ad da take kwana ita kaɗai cikin alfarwarta.

Kada kuwa wata ta ce darajar mace tana ga haihuwa ko aure. Hannatu annabiya ta zauna da mijinta shekara 7 kaɗai, ta tsufa tana gwauruwa cikin Haikali, ta kuwa ga Mai Ceto da idonta (Luka 2:36-38). Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu marasa aure, masu yin annabci (Ayyukan Manzanni 21:9). Ba su jira aure kafin su bauta wa Ubangiji ba.

4. Wajibin ikilisiya

Tun da yake Allah yana ganin wadda aka ƙi, ba daidai ba ne mu kawar da ido. Mazaje su karanta Afisawa 5:25-29, su gwada kansu. Zumuntar Mata ta ziyarci mai kaɗaici, ta ba marar aure aiki da wurin zama, a daina yi mata gori. Inda kuwa akwai dūka, ko hana abinci, kada mu sallami 'yar'uwa da kalmar haƙuri kaɗai. Dattawan ikilisiya su tsawata wa mijin, su kuma tsare ranta.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta sunan Yahuza da sunaye uku na fari?
2. Wace magana ce muke yi wadda take ƙara wa marasa aure nauyi?
3. Wace 'yar'uwa za mu ziyarta cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka ga Lai'atu, ka dubi bayinka mata waɗanda ke kuka a ɓoye. Ka cika bakinsu da yabo, ka buɗe idanunmu mu gan su. Cikin sunan Yesu. Amin.