Hukuncin Yawon Buɗe Ido da Liyafa ga Matar da Ta Raka Mijinta Taro a Masar

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Jahun ta rubuto cewa maigidanta, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutse, zai tafi da ita taron masana a Alƙahira. An shirya wa matan baƙi ziyarar dalar Giza da gidan tarihi, da tafiyar yini zuwa Iskandariyya yayin da mazan ke zauren taro, da liyafar dare a jirgin ruwa a Kogin Nilu. Wanne ya halatta gare ta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yar'uwa, rakiyar miji halal ce babu shakka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Amma zuwan abubuwan nan uku a takarda ɗaya bai sa hukuncinsu ya zama ɗaya ba. Kowanne da abin da ke cikinsa ake auna shi.

Ziyarar dala da gidan tarihi ta halatta, tunda a cikin gari ne kuma kina tare da mata amintattu, da izinin maigida. Aya ta 42 a Suratur Rum ta yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don ganin ƙarshen mutanen da suka gabata. Wani zai kawo hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku; wannan yana magana ne a kan tafiyar ibada da neman falalar wuri, ke kuwa ba lada kike nema a jikin dutse ba. Hujjar masu hanawa da ta fi ƙarfi ita ce hadisin Ibn Umar, inda Annabi (SAW) ya hana shiga gidajen Samudawa a Hijr, a hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan hijira, sai ga mai kuka. To, Hijr wuri ne da azaba ta sauka, shi kuwa Fir'aunan Annabi Musa a teku aka halaka shi. Sahabban da suka buɗe Masar tare da Amr ibn al-As sun zauna a Fusɗaɗ, dala na tsallaken kogi, ba a kuma san sun haramta zuwa wurinta ba. Abin da za ki ɗauka daga hadisin Hijr shi ne ladabi: gawarwakin sarakunan da aka mayar gidan tarihi na Fusɗaɗ a 2021 abin wa'azi ne, kada a tsaya gabansu da shewa.

Iskandariyya kuwa ta haura kilomita 200 daga Alƙahira, ta zarce mil 48 na ƙasaru, don haka tafiya ce da ke buƙatar miji ko muharrami. Rangwamen ayari amintacce da Malikiyya suka yi, don hajjin farilla ne. Akwai malaman zamani da suka faɗaɗa shi, amma nan babu larura. Ki jira a tashi taro ku je tare.

Liyafar jirgi ce ta fi damuna, domin da yawa daga irin waɗannan jiragen ana sayar da giya, mace kuma tana rawa da tufafin da ba su rufe ta ba. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta sauke wajibcin amsa gayyata ko da ta walimar aure ce idan akwai munkari bayyananne. Za a ce ƙin zuwa zai kunyata maigida gaban abokan aikinsa. Kunyar gaskiya ce, ban raina ta ba, sai dai ba a biyan ta da saɓo, kuma jirgi idan ya bar gaɓa babu damar tashi a fita. Maigida ya tambayi tsarin daren tun da wuri. Idan abinci ne da jawabai, teburinku babu giya, ku je cikin suturarki. In akwai rawar, ku ba da uzuri cikin mutunci, washegari ku gayyaci masu masaukin shan shayi.

Allah ne Mafi sani.