Shin Tambayar "Ina Kuɗin?" Munana Zato Ce?



A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma, muna cikin babin amana sai wata ɗaliba, uwar 'ya'ya biyar, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka cike kududdufin bayan layinmu aka yanka filaye, duk damina sai ruwa ya shigo mana har ɗaka. Kullum kuma muna ji a rediyo an ware kuɗin ambaliya. Na ce da maigidana ya kamata a tambayi ɗan majalisarmu inda kuɗin nan suke shiga, sai ya ce in kama bakina, wai munana zato ne ga shugabanni. To Malama, zunubi ne?" Aji ya yi tsit. Ni ma ban amsa nan take ba, na ce ta ba ni mako guda, domin maganar maigidan nata ba abin yarwa ba ce. Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato da bin diddigin asirin mutane, Suratun Nisa'i kuma ta umarce mu da biyayya ga majiɓinta al'amuranmu.

Kuɗin da take ji a rediyo gaskiya ne akwai su. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli a ƙasar nan, ana cire wani kaso daga asusun tarayya saboda zaizayar ƙasa, ambaliya, fari da kwararowar hamada, a raba tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. A 2015 aka kafa hukumar da ke kula da shirin katangar bishiyoyi a jihohi 11 na Arewa, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Duk da haka ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600, sannan a Satumbar 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Ruwan sama na Allah ne, ba mai ja. Amma gyaran madatsa, yashe magudana da hana gini a kan hanyar ruwa aikin mutum ne, kuma an ware masa kuɗi.

Abin da na fahimta bayan na koma kan littattafaina shi ne, mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Zato shi ne ki yanke wa mutum hukunci a zuciyarki ba tare da hujja ba. Neman lissafi kuwa shi ne ki nemi hujjar don kada ki faɗa cikin zaton. Ke da kike uwar adashi kin san wannan. Ranar da kika buɗe littafi kowa ta ga zubinta, ranar gulma ke mutuwa. Ranar da kika ce "ba ku yarda da ni ba ne?" kika rufe littafi, ranar ake fara ƙus-ƙus a bayan idonki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma sahabbai aka fara saukar wa, mutanen da suka fi mu gaskiya nesa ba kusa ba.

Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa ma'aikacinsa lissafi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) bai bar maganar a ɗaki ba, mumbari ya hau ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kyautar. Sayyidina Umar (RA) kuwa yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, yana kuma aika Muhammadu bin Maslama ya binciko ƙorafin talakawa. Ba wanda ya ce Umar ya munana wa sahabbai zato.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne maganar fili, don kuɗi in an ci ana iya biya, amma kududdufi ko burtali ko dajin gwamnati in aka yanka aka gine, ya tafi ke nan har jikoki. Musulunci yana da abin da ake kira hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Umar ya keɓe Rabaza. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ya ɗora wani bawansa mai suna Hunayyu a kan makiyayar, ya umarce shi da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tare garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affana. Dalilinsa, su in dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa 'ya'yansa zai ɗebo ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Ki duba fa, manyan sahabbai biyu, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, aka ce a tare su. Mu a nan sau da yawa akasin haka muke gani: mai ƙarfi ke samun takardar fili, mai akuya uku a kore ta. Alhali dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamna, da sunan riƙon amana ta damƙa masa, don amfanin kowa.

To wa zai tambayi mai riƙon amanar? A tsarinmu na yau aikin majalisa ne. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar tarayya ikon binciken yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su, sashe na 128 ya ba majalisun jihohi irin wannan iko. Ashe in kin tambayi ɗan majalisarki, aikin da yake karɓar albashi a kansa kika tuna masa, ba tawaye kika yi ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, nan ma akwai ƙura. A 2018 kotu a Abuja ta sami tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, da laifin karkatar da fiye da naira biliyan 1 na asusun muhalli. Shekara 11 aka yi ana shari'ar, kuma ranar da aka yanke hukuncin sanata ne shi, wato yana cikin majalisar da aka ɗora wa sa ido. Kotun ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara 10 a 2021, a 2022 aka yi masa afuwa. Wannan ya sa wasu ke cewa to me amfanin tambaya, tunda mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi? Na fahimci gajiyarsu, ni ma nakan gaji. Amma ni a ganina hujjar ta juye ne. In mai tsaron ma yana buƙatar mai tsaro, to shirunmu ya ƙara tsada ke nan. Kuma mu mata mu ne masu kwashe ruwa da bokiti da tsakar dare, mu ne ke sayen icen da ke ƙara kuɗi duk shekara saboda daji ya yi nisa, mu ne kuma ke cika layi ranar zaɓe.

Akwai iyaka, kuma a nan maigidan ɗalibata yana da gaskiya. Ba ki da ikon kiran wani ɓarawo a gidan biki ko a WhatsApp don kawai kin ga ya sauya mota. Wannan ƙazafi ne, ko da daga baya ya zama gaskiya kin faɗa ba da ilimi ba. Tambaya daban: nawa aka ware wa magudanar unguwarmu a kasafin bana? Wa aka ba kwangila? Da izinin wa aka yanka kududdufin? Waɗannan ba su zargi kowa ba, kuma mai gaskiya daɗinsu zai ji.

Da mako ya zagayo na faɗa mata haka, na kuma ce kada ta mai da abin rigima a gida, ta karanta wa maigidan labarin Hunayyu su tattauna. Sai wata dattijuwa daga bayan aji ta ce, "Malama, ai mu ma kuɗin ginin ajin nan da muka tara bara ba a taɓa karanta mana lissafinsu ba." Ni ce ma'ajin kwamitin. Rasiɗan suna nan cikin leda a ƙasan akwatina, ko sisi bai yi ciwon kai ba, amma ban taɓa tunanin kawo su ba, kuma wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya da ta tambaya. Ranar Asabar na kawo ledar, muka zauna a tabarma muka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga buhun siminti har kuɗin mai kura.