Idan Uwa Ta Manta Sunanka

Wani dare ina gabatar da shiri, sai wani mai sauraro ya bugo waya daga Aboabo. Ya ce mahaifiyarsa ta shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai, amma yanzu in ya shiga ɗakinta sai ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni: "Malam, wannan har yanzu uwata ce?"

A Zango muna kiran abin gigin tsufa, mu wuce. Alhali cuta ce da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da ita. Likitoci na cewa ta yi tsanani idan mai ita ya daina gane 'ya'yansa, magana ta ƙare sai kalma ɗaya ko biyu, ba ya iya ci ko wanka da kansa, ba ya riƙe fitsari, daga baya haɗiya ma ta gagara.

Wannan bayani ya lissafa abin da ta rasa. Bai ce ta rasa mutunci ba. Malamanmu sun ce wanda hankalinsa ya gushe an sauke masa salla da azumi, amma babu malamin da ya sauke wa ɗa haƙƙin uwa. Nauyin da ya sauka daga kanta, kanmu ya hau.

Don haka a daina yi mata jarrabawar "wane ne ni?" In ta kira ka da sunan ƙanenta da ya rasu, ka amsa. A zaunar da ita kafin a ba ta kunu, kada ta ƙware. A riƙa juya ta a shimfiɗa saboda gyambo. In ta yamutsa fuska ko ta ƙi abinci, wataƙila ciwo ne ta kasa faɗa. A kai ta asibitin Komfo Anokye. Kada a ɗaure ta, kada a bar maƙwabta su kira ta mayya. Kada kuma a bar wa suruka ɗaya jinyar.

Ɗan'uwa na Aboabo, lokacin da take goyonka ba ka san sunanta ba, kuma ba ta sauke ka ba. Uwarka ce.