Takin Gwamnati Da Bashin Shinkafa: Gargaɗi Ga Samarin Bakin Iyaka

  

Ya ɗan'uwa matashi, kai da ke noma a fadamun Bagudo, ko Illo, ko Lolo, ko Ka'oje, akwai wata magana da ta yawaita a bakunan samari, wai dukiyar gwamnati ba ta da mai ita. To, ka sani wannan magana ɓata ce. Abin da ke cikin baitulmali na jama'a ne baki ɗaya, har maraya da gwauruwa. Wanda ya ci na mutum guda, mutum guda zai nema gafara. Wanda ya ci na jama'a, gidan wa zai fara zuwa?

A shekarar 2012 aka soma aiko wa manoma saƙo ta waya, kowa ya karɓi buhu 2 na takin zamani a rabin kuɗi. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Babban Bankin Nijeriya ya ba da iri, da taki, da maganin feshi, da injin ban-ruwa, bisa sharaɗin a biya in an yi girbi, da shinkafa ko da kuɗi. Rance ne, ba kyauta ba. Sama da Naira tiriliyan 1 aka fitar a ƙasa duka, kaso mai yawa bai dawo ba, yanzu an tsayar da shirin. An tsayar da shiri, amma bashi yana nan a wuyan mai shi.

Ka duba Suratul Baƙara, aya ta 282. Ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. A Sahihul Bukhari an kawo wa Annabi (S.A.W.) gawar wani da ake bin sa dinari 3, ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauke bashin. Dinari 3 fa! A Sahihu Muslim ya tabbata ana gafarta wa shahidi komai sai bashi. Wanda ambaliyar kogin Kwara ta cinye masa gona, wannan daban ne, aya ta 280 ta ce a saurara wa mai ƙunci. Da wanda ya girbe, ya sayi babur, ya ƙara aure, sa'an nan ya ce rabonsa ne ya ci nake magana.

Mafi muni shi ne wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya sa suna cikin manoma, ya karɓi taki, dare ya yi ya ɗora a babur ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ya dawo da sefa. Ko rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 bai kashe fasa-ƙwauri ba. Mutanen tsallake 'yan'uwanmu ne, ciniki da su halal ne. Amma wannan buhun an rage kuɗinsa ne don gonar wani talaka, kai kuwa ka yi ƙarya ka tare shi. Malamin gona da ya rubuta sunanka don ku raba, ya tuna da Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka, wanda Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya tsawata a kan kyautar da ya ce an yi masa.

Wani zai ce, ai manya sun fi mu ci. Gaskiya ne, suna ci. Kabarinsu daban, naka daban.

Saura batun ruwa. Rancen nan da farko an ɗora masa ruwan kashi 9 cikin 100, riba ce kuwa, ba mu ɓoye ba, sai a 2020 bankin ya fito da tsarin da babu ruwa. Amma haramcin riba ba ya halatta maka cinye uwar kuɗi. Aya ta 279 ta bar wa mai bin bashi asalin dukiyarsa. In kana cikin waɗanda suka karɓa, je ka ga shugaban ƙungiyarku da bankin da aka buɗe maka asusu, a fito da takarda a ga buhu nawa ya rage. Ka rubuta shi cikin wasiyyarka, domin bashi ake fara biya kafin a raba gado.